Ranar da Na Sauke Wando a Gaban Surukata

"Sauke wandon," in ji matata.

Muna tsakiyar ruwa a lokacin, cikin kwale-kwale mai inji, a dam ɗin nan na wajen Bagwai. Gaɓar da muka baro ta yi nisa, wadda za mu kuma ta ƙi matsowa. Leɓena ya kumbura kamar rina ta yi taro a kansa, maƙogwarona yana rufewa a hankali, numfashina yana fita da ƙara irin ta tsohon famfon keke. Matata ta riga ta ɓalle kan kwalbar allura, tana zuƙe ruwan cikin sirinji. A gabana kuma, gwiwa ta kusa taɓa gwiwa, mahaifiyarta ce zaune, rungume da jarkar man gyaɗan da za ta kai kasuwa.

Da ɗan abin da ya rage min na murya na ce, "Inna fa."

"Inna ce za ta yi maka numfashin? Sauke."

Bari in ɗan koma baya, in ba haka ba za ku ɗauka ni ɗan iska ne.

Ni gyaɗa ba ta yi da ni. Ba wai ba na son ta ba, ita ce take neman raina. Tun ina yaro in ta shiga bakina sai fuska ta kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, iska ta daina wucewa. Ba sai na ci da yawa ba, ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa. A cikin Kano na san yadda nake lallaɓa rayuwata. Mai tsiren unguwarmu ya san nawa ba a barbaɗa masa yaji, saboda ƙuli-ƙulin da ke ciki. Ɗanwake sai na gida, da manja. A gidan abinci kuwa na tambayi "da wane mai aka soya?" har wata mai kawo abinci in ta hango ni sai ta tuna tana da aiki a kicin. Sannan akwai 'yar jakar da ba na rabuwa da ita: kwalaben allurar gaggawa, sirinji, da ƙwayoyi. Likita ya koya min yadda ake yi a cinya, da na yi aure ya koya wa matata, ya ce ita ce za ta fi ni nutsuwa ranar da abin ya zo. Ya yi gaskiya.

To duk matan Kano, wadda Allah ya haɗa ni da ita 'yar mai sana'ar man gyaɗa ce. A birni ta yi karatu, a hannun yayar babanta, amma iyayenta suna ƙauye, ƙetaren ruwa. Inna ita ke suya, ita ke kai niƙa, ita ke matse mai a turmi, ita ke soya ƙuli-ƙuli. Duk garin in aka ce gidan mai mai, an san inda ake nufi. Akuyar gidan ma harawar gyaɗa take ci. Ni in na shiga gidan ji nake kamar kaza ta je ziyara wajen mai gashi.

Zuwana na farko gaisuwa, aka shimfiɗa min tabarma a zaure, kwanuka suka fara shigowa. Tuwon dawa da miyar kuka, mai yana iyo a kai. Kwaɗon zogale, ƙuli ya ji har ya yi yawa. Kunun gyaɗa a kofin silba, an rufe da faifai. Na kira wadda zan aura na ce ta je ta yi wa Inna bayani tiryan-tiryan: ba raini ba ne, ciwo ne, in na ci zan iya mutuwa. Ta shiga ta faɗa. Katangar ba ta da kauri, ina jin amsar.

"Allah sarki. Ɗan mutane ya san kunya."

"Inna, ba kunya ba ce. Da gaske ne."

"Na ji. Babanki ma cewa ya yi haƙori ke masa ciwo. Har aka haife ki haƙorin bai warke ba, in dai a gidanmu ne."

A nan na fahimci ramin da na faɗa. A garin suruki ba ya cin abinci a gidan surukai, wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne ba a cewa "kunya nake ji", sai an kawo dalili. Kowane suruki da ƙaryarsa. Wani azumin nafila yake, ko da kuwa an gan shi da rake a bakin kasuwa. Wani olsa. Wani yanzun nan ya ci a hanya. Su kuma surukai sun san ƙarya ce, sai su karɓa da mutunci, su yi masa sannu, su juye abincin a kula a ba shi ya tafi da shi, ya ci inda ba ido. Ni kuma na zo da gaskiyata tsirara, aka auna ta a ma'aunin ƙarya, ta zo ta ɗaya. Ba a taɓa jin irinta ba. Gyaɗa, a garin gyaɗa, wai tana kisa. Inna ta ce yaron da zai zauna ya ƙirƙiro wannan don kawai kada ya buɗe baki a gidanta, iyayensa sun yi tarbiyya.

Aka yi biki, aka tare, abin bai canja ba. Duk zuwa sai an haɗo mu da kuloli. Mu iso gida, matata ta ci wanda za ta ci a can gefe, ta wanke hannu da baki kamar mai shirin shiga tiyata, sauran a miƙa wa maƙwabta. Maƙwabcina har tambaya yake yaushe za mu ƙauye. Kulolin su koma a wanke. Inna ta buɗe ta ga wayam, ta ce wa 'yarta, "Kin gani ko? A gida ci yake."

Matata ta gwada wata dabara. Akwai hotona a wayarta na wani lokaci da abin ya kama ni, fuska kamar ƙullin da ya kwana. Ta miƙa wa Inna. Inna ta kawar da kai, ta ce ita ba ta ƙare wa hoton suruki kallo ba. Sai Kaka ta karɓa. Kaka ita ce mahaifiyar Baba, wato baban matata, tsohuwa mai ɗakinta a ƙuryar gida, kuma tunda ni mijin jikarta ne, a wajenta ni mijinta ne na wasa, babu kunya tsakaninmu ko ta sisin kwabo. Ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta ce, "Ai nan ya fi kyau. Da ƙibarsa. Ke kika ramar min da shi."

Suna na yi a garin, ba ƙarami ba. Uwaye suna misali da ni. In wani suruki ya kuskura ya sha ruwa da ƙarfi, sai a ce bai ga mijin 'yar gidan mai mai ba. Sauran surukan garin in mun haɗu a masallaci gaisuwarsu a daƙile take. Ni kuwa nawa tsarin shi ne in taho da burodina da dabino a jaka, in yunwa ta matsa in zagaya bayan masallaci in ci a tsaye kamar wanda ya sato.

Ranar da abin ya faru, bayan an cire gyaɗa ne, duk tsakar gida an baza ta tana shan rana. Mun kwana ɗaya, za mu koma. Da safe na ajiye jakata a zaure na fita alwala, na dawo na tarar akuyar gidan ta zuge burodin har da rabin ledar. Dabino dama ya ƙare tun jiya. Rana ta ɗaga, cikina yana kiran sunana.

Sai Kaka ta aiko in zo mu yi sallama.

"Shigo, ragon miji. Kullum ka zo sai ka zauna a zaure kamar tsohon buhu. Zauna nan."

Ta jawo ƙwarya ta buɗe. Fura ce, an dama da kindirmo, ta yi kauri, sanyin randa yana tashi daga jikinta.

"Kaka, kin san matsalata."

"Na san ƙaryarka dai. Nan ɗakina ne, ba ɗakin surukarka ba. Ba mai ganinka sai ni, ni kuwa na ga abin da ya fi bakinka."

"Me da me aka sa a ciki?"

"Ji shi kamar ɗan sanda. Gero. Citta. Kanumfari. Ɗan barkono. Nono daga rugar bayan gari. Sai sukari, tunda an ce ku 'yan birni ba kwa shan abu sai da zaƙi."

"Ba gyaɗa?"

"Gyaɗa a fura? Haka kuke yi a birnin? Shi ya sa duk kuka lalace."

Daga baya na gane ba tarko aka ɗana min ba. Ƙa'idar garin ce: ana girmama ƙaryar suruki. Mai ciwon haƙori kunu ake dama masa, mai olsa a rage masa yaji. Ni mai gyaɗa, Inna ta ga na rame, ta ce a yi min abin da babu gyaɗa a ciki, a kai ɗakin Kaka inda zan iya sakewa. Da hannunta ta kirɓa furar. Na tambayi gero, na tambayi nono, har ludayin na ɗaga na duba. Abu ɗaya ne ban tambaya ba, don ɗan birni ne ni, a tunanina fura daga leda take fitowa.

Na sha. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa shan fura irinta ba. Laushi kamar an tace ta da auduga, ga wani ɗan ƙamshi a ƙasa-ƙasa da na kasa gane na mene ne. Kaka tana kallona tana gyaɗa kai. "Ashe dai da maƙogwaro a jikinka."

Kafin in ajiye ludayi aka ce jirgi zai tashi, mu yi sauri. Ranar kasuwa ce a ƙetare. A ƙa'ida Inna ba ta shiga jirgi ɗaya da ni, sai ta bari mu wuce ta bi na baya. Ranar na bayan injinsa ya lalace, ga man mutane da ta yi alkawari. Dole ta shigo, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zauna inda aka samu wuri, wato daidai gabana. Ni na kalli ruwa ta dama, ita ta kalli ruwa ta hagu. Jirgin ya cika: mata da kaji, buhunan gyaɗa, wani dattijo da kekensa.

Tun a gaɓa na ji saman bakina yana ƙaiƙayi. Na ce citta ce. Da muka ɗan yi nisa tafin hannuna ya ɗauka, sai kunnuwa. Na ce zafin rana ne. Mutum in ba ya son gaskiya, dalilai ba sa ƙare masa. Matata ce ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubawa.

"Yallaɓai, me ka ci?"

"Fura ce kawai."

"Ta wa?"

"Ta Kaka."

"Kaka ta daina daka tun ina firamare. Wa ya kirɓa?"

Inna ta amsa, amma ruwa take yi wa magana, don ba ta yi min kai tsaye. "Ni na kirɓa. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba gyaɗa."

"A wane turmi, Inna?"

"Turmi nawa gare mu?"

"Wanda kika matse mai da safe?"

"Shi. Ai shi ya sa ta yi laushi. Wa zai wanke turmi mai maiƙo sannan ya kirɓa fura? Asara kenan."

Matata ta fizge jakar daga kafaɗata. To nan muka dawo inda na fara.

Matsalar wandon ita ce telana. Yaron ya iya ɗinki, amma ƙafar wando yake tsukewa kamar yana jin haushin yadi. Shadda ce, ta sha sitati, ba ta naɗuwa ko zuwa gwiwa. Matata kuma ta ce ita a fata aka koya mata, ba za ta yi lalube a kan sitati cikin jirgi mai rawa ba. Hanya ɗaya ce, daga sama zuwa ƙasa.

Na dubi Inna. Na dubi ruwa. Wallahi sai da na auna, a 'yan daƙiƙun nan, ko mutuwar ta fi sauƙi. In na mutu a haka, sunana ya zauna a garin har abada, surukin da kunya ta kashe. Sai na ja numfashi ya ƙi zuwa, na sake ja ya ƙi. Nan na gane ashe ba na son suna haka. Na kwance mazagi.

Gajeren wandon da ke ciki matata ce ta sayo shi, kuma ranar da ta kawo na ce ba zan taɓa sakawa ba. Ruwan ɗorawa ne, da zanen abarba a ko'ina. Dattijon mai keke ya ce, "Innalillahi." Har yau ban san ko fuskata ya gani ko abarbar ba.

Na ɗauka Inna za ta juya baya, ko ta rufe fuska gaba ɗaya. Sai na ga ta saki mayafin. Ta dubi cinyata, ta dubi fuskata, karo na farko tun da na san ta. Ta ɗaga jarkar man ta miƙa wa ta kusa da ita, ta ce a yi baya da ita, can ƙarshen jirgi. Ta miƙo hannu za ta riƙe min ƙafa don jirgin yana tangaɗi, sai ta tsaya, ta dubi tafinta.

"Hannuna da maiƙo. In taɓa shi?"

"Kar ki taɓa," in ji matata.

Inna ta juya wajen dattijon. "Malam, ajiye keken nan ka riƙe masa ƙafa. Kai kuma mai jirgi, injin naka na ado ne?"

Dattijo ya danne min gwiwa, mai jirgi ya murɗa inji, matata ta soka allura a gefen cinya. Sai Inna ta sunkuyo, ta yi min magana, ni, ba ruwa ba.

"Kalle ni. Ja numfashi. Ja, ɗan nan. Kar ka yi min haka."

Wanda bai taɓa shan allurar nan ba, ji za ka yi kamar an kunna janareto a ƙirjinka. Zuciya ta hau gudu. Can sai na ji wata 'yar ƙofa ta buɗe a wuyana, iska ta fara shiga kaɗan-kaɗan, mai warin kifi da hayaƙin inji da kashin kaji. Ban taɓa shaƙar abu mai daɗinta ba.

Da muka doshi gaɓa mai jirgi ya ce, "Malam, a ɗaure wando, mun iso mutane." Matata ta ce a bar shi yadda yake, in abin ya dawo sai an ƙara wata. Haka na sauka a bakin ruwa ranar kasuwa, mutum biyu sun tallafe ni, wando a gwiwa, abarba tana gaisawa da jama'a. Aka samu mota zuwa asibiti. Suka sa min ruwa, suka ƙara wasu allurai, suka ce sai sun ga yadda na wuni, don abin yakan yi kamar ya tafi ya dawo. Inna ba ta ci kasuwa ba ranar. Ta bar jarkarta wajen mai jirgi, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zauna a benci a waje. Ba ta shigo ba. Kunyar ta dawo mata tun a mota.

A bencin ne ta faɗa wa matata abin da ya sa ta yarda. Ba kumburin ba ne, ta ce harbin kudan zuma ma yana yin haka. Ba ƙarar numfashin ba ce. "Yaron da ko tari ba ya yi a gabana. In kika ga ya kwance mazagi ina zaune, to mutuwa ya gani da idonsa." Sannan ta ce, "Ashe duk kulolin nan wa yake ci?" Matata ta ce maƙwabci. Inna ta ce Allah ya isa tsakaninta da maƙwabcin, sannan ta fara kuka.

Kaka kuwa washegari ta sa aka kira ni a waya.

"Ragon miji, an ce abarba ce."

"Kaka, na kusa mutuwa fa."

"Na ji, sannu. Amma ni da nake matarka ban taɓa gani ba, sai 'yan kasuwa? Ka kyauta kenan?"

Sunana a garin ya faɗi warwas. Yanzu in aka ce surukin gidan mai mai, ba tarbiyya ake tunawa ba. Amfanin da na samu, sauran surukai sun dawo gaishe ni hannu biyu-biyu, har da tambayar iyali.

Inna ta sayi sabon turmi da taɓarya. Mai sassaƙar ya ce a shafe shi da man gyaɗa kada ya tsage, kamar yadda ake yi wa kowane sabon turmi, ta ce in ya ga dama ya tsage, man kaɗe za ta shafa. A ɗakin Kaka yake zaune, an kife masa kwano, da tukunyarsa da muciyarsa da kwalbar manja, ba mai taɓawa. Sannan da matata ta je ita kaɗai, Inna ta zaunar da ita ta ce sai ta koya mata allurar. A jikin kabewa suka yi ta gwaji da ruwa. Matata ta ce hannun Inna ya fi nata tsayawa, kabewar dai ba ta moru ba.

Saƙon da aka kawo min shi ne wannan: kunyar da ta kusa kashe mata ɗa ta ƙare. Zuwa na gaba ba zaure, ba bayan masallaci, ba kula. A tsakar gida zan ci tuwo, na turmina, ita kuma za ta zauna a gabana da sirinji a hannu har in cinye, in da abin da ya taso ita za ta yi maganinsa da kanta. Baba da ya ji, ya ce shi ranar yana da ɗaurin aure a wani gari, ko wace rana ce.

Asabar mai zuwa za mu. Tuwon ba ya ba ni tsoro, na yarda da turmin. Tela nake tunani. Ku da kuka san kan al'ada, in surukarka ce riƙe da allurar, wane irin wando ya kamata mutum ya saka?